Yadda za ka zaɓi ƙofa da taga 'yan haɗi idan a Kaduna kake gini

Duk watan Agusta, idan marka ta zauna a Kaduna, wayata ba ta hutawa. Wannan ƙofar banɗakinsa ta kumbura ta ƙi rufuwa, wancan ruwa na bin ƙasan taga yana jiƙa masa kafet. Da hunturu ya shigo kuma, ƙofar da aka fere da damina sai ta tsuke, ta bar kafar da ƙura ke bi har kan gado. A kasuwar Panteka na koyi sana'a, na fara da katako a hannun maigidana, na koma alminiyum, yanzu kuma yawancin aikina saka ƙofofi da tagogin nan ne na zamani waɗanda Turawa ke kira kwamfozit. Ni 'yan haɗi nake ce musu, domin ba da abu ɗaya ake yin su ba. Ina son kayan nan, amma ina takaicin yadda mutanenmu ke zuba kuɗi a kansu ba tare da sanin abin da ke cikinsu ba.

Kafin ka shiga kasuwa, san cewa sunan ɗaya ne amma kayan iri-iri ne. Akwai wadda ta cika gidajen Ingila: fuskarta ta fayiba ce, wato zaren gilashi da aka daskarar da shi cikin danƙo, cikinta kumfa mai tauri ko katakon da aka manne falle-falle, kaurinta galibi milimita 44, firem ɗinta kuma roba ce mai ƙarfe a ciki. Kamfanin Therma-Tru na Amurka ya fito da ƙofar fayiba tun 1983. Akwai wadda ake rubuta wa WPC, ita dusar katako ce aka cakuɗa da roba aka matse a inji, kuma ita ce ta fi shigo mana daga Chana. A ɓangaren taga akwai uPVC, roba mai tauri wadda aka fara yin taga da ita a Jamus a shekarun 1950, ana zura mata ƙarfe a ciki don kada ta lanƙwashe. Sai ta mutanen Denmak da Suwidin, katako ta ciki, alminiyum ta waje. Ita kanta ƙofar Turkiyya da muka saba da ita 'yar haɗi ce ta wata fuskar, tunda ƙarfe ne aka lulluɓe da allo.

Me ya sa duniya ta karkata can? Sanyi ne ya kai su. Mutumin Turai kuɗi mai yawa yake kashewa wajen ɗumama ɗaki, kuma ta ƙofa da taga ɗumin ke zurarewa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na wutar da gida ke ci wajen ɗumamawa da sanyayawa, ta taga yake tafiya. Ingila ta ƙara tsaurara dokar gininta a watan Yunin 2022, ta yadda duk sabuwar taga ko ƙofar da za a musanya sai ta kai wani mataki na riƙe ɗumi. Ga kuma katako mai kyau da ke ƙaranci a ko'ina. Mu ma shaida ne: madaci da loko da maigidana ke yin ƙyaure da su sun zama sai mai hali, madobiya kuwa an sare ta an yi ta lodawa zuwa Chana har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Abin da ya rage wa talaka shi ne malaina ɗanya, wadda gara ke wa kallon tuwo.

To ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya ƙera ƙofa don Manchesta yana tunanin ƙanƙara ne da iska mai sanyi. Mu kuwa abokan gabarmu biyar ne: ranar Maris da Afrilu, ruwan Agusta mai zuwa da iska, ƙurar hunturu, gara, da ɓarawo. Da waɗannan za ka auna duk abin da mai shago ya nuna maka, ba da hoton gidan da ka gani a Instagram ba.

Fara daga filinka, ba daga shago ba

Je gininka da misalin ƙarfe 4 na yamma ka tsaya. Dubi bangon da rana ke duka, ka lura da ƙofofi da tagogin da ke jikinsa, ka ga wanne ke da baranda ko rumfa, wanne ne a fili. Sannan tambayi maƙwabta ta ina ruwa ke bugowa. A nan yawanci hadari daga gabas yake tasowa. Ka rubuta wannan a takarda, domin shi zai raba maka kayan.

Abin da ake yayi yanzu a kasuwar duniya shi ne baƙin launi da ruwan toka mai duhu, siririn firem da gilashi mai faɗi. Yana da kyau a ido, ban musa ba. Amma baƙin abu yana shan rana, roba kuma tana buɗewa da zafi kusan ninki 3 na yadda alminiyum ke yi. Na taɓa saka wa wani Alhaji baƙar ƙofar fayiba a Millennium City, tana kallon yamma, babu rumfa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ɗan yi mata inuwa ko a ɗauki mai haske." Ya ce wadda Hajiya ta zaɓa ke nan. Da bazara ta yi, da rana sai makullin ya cije sai an danna da kafaɗa, da dare ya saki. Ƙofar ba jabu ba ce, an dai ajiye ta inda ba wurinta ba. Rumfar kwano muka yi mata daga baya, magana ta ƙare. Don haka idan ƙofa ko taga za ta fuskanci yamma a fili, ɗauki fara ko mai haske, ko kuma ka sa kuɗin rumfa cikin lissafi tun farko.

Kowace ƙofa da wurinta. Banɗaki, kicin da sito, nan ne gidan WPC: ba ta shan ruwa kamar katako, gara ba ta damu da ita ba, ba ta tsatsa. Ɗakunan kwana ma tana yi. Amma kada ka kai ta ƙofar shiga gida, domin ba ƙofar tsaro ba ce, kuma rana na cin launinta. Babbar ƙofar falo, ko dai ta fayiba mai katako a ciki, ko ta ƙarfe mai kauri, a ƙarƙashin baranda. Ita ta Turkiyya mai allo a fuska, ruwa ne ajalinta. Idan feshin damina na isa wurin, nemi wadda aka yi don waje. Ƙofar baya da ta ɗakin janareta kuwa, har gobe ina tura mutane wurin masu walda na Panteka su yi musu ta ƙarfe zalla. Ba komai ne sai an shigo da shi daga waje ba.

Abin da za ka yi a cikin shago

Ko a Kaduna kake saye, ko ka tafi Dei-Dei a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano, abu na farko shi ne ka ce a nuna maka guntun da aka yanke. Duk ƙofa kyakkyawa ce a cikin ledarta. Mai kaya na gaskiya yana ajiye yankakken samfuri, wani ma shi zai miƙo maka tun ba ka tambaya ba. Wanda ya fara kame-kame, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Idan WPC ce, dubi bakin yankan. Ka ga kaurin bangonta, ka ga ko an cike gefen da hinji da makulli za su zauna, domin yawancinsu akwai ramuka a ciki kamar saƙar zuma, kuma sukuru ba ya kama iska. Karce bakin da farce ko mabuɗi: idan yana zubar da farin gari kamar alli, an cika mata garin farar ƙasa don a rage tsada, irinta ce ke karyewa idan yaro ya buga da ƙarfi. Sannan ka roƙi guntun ka tafi da shi gida, ka jefa a bokitin ruwa kwana 3. Ta gaske za ta fito yadda ta shiga. Wannan gwajin na fi so, saboda akwai wata ƙofa da ake sayarwa da sunan mai hana ruwa, alhali allon garin katako ne kawai aka naɗe da ledar roba. Ita a bokiti take tona kanta, ta kumbura kamar burodi. Idan ba a ba ka guntu ba, durƙusa ka leƙa ƙasan ƙyauren da ramin makulli, nan ne leda ba ta rufewa.

Tagar uPVC kuma tana da tambayoyinta. Ta farko: don wace ƙasa aka yi robar? Ma'aunin Turai mai lamba EN 12608 ya raba ta gida biyu, mai harafin M don ƙasashen da ranarsu ke da sauƙi, mai harafin S don masu zafin rana. S muke so. Abin da ke kare farar roba daga rana wani farin sinadari ne mai tsada, shi ne kuma masu arha ke ragewa, shi ya sa za ka ga taga ta koma ruwan ɗorawa tana farfashewa bayan 'yan shekaru. Ma'aunin nan ya kuma ce bangon waje na roba mai daraja ta ɗaya ya kai milimita 2.8, mai bi mata 2.5. Kamfanoni irin su Rehau, Veka da Kömmerling na Jamus da Deceuninck na Beljiyam suna buga suna da lamba a cikin gefen robar, ba a kan leda kaɗai ba. Leda kowa na iya bugawa, don haka buɗe tagar ka duba cikin gefen.

Tambaya ta biyu: akwai ƙarfe a ciki? Ina yawo da mayen ƙarfe mai ƙarfi a aljihu saboda wannan. Ɗora shi a jikin firem, ka bi da shi daga sama har ƙasa. Idan akwai ƙarfe za ka ji yana ja. Wasu masu haɗawa guntu suke sakawa daidai inda sukuru zai shiga, sauran wurin fanko, shi ya sa na ce ka bi da shi duka. Ƙarfen ya kasance wanda ba ya tsatsa da wuri, kaurinsa wajen milimita 1.5. Ka kuma duba kusurwa: ta gaske narka ta ake yi da inji ta haɗe, ba a ɗaure ta da sukuru a shafe da silikon ba. Wani abu da ban cika jin ana tambaya ba shi ne dalma, wadda guba ce ga jiki. Masana'antun Turai sun daina sa dalma cikin wannan roba tun ƙarshen 2015, amma ba duk duniya ce ta bi su ba. Gidan da yara za su tashi a ciki, ya cancanci ka tambaya.

Idan alminiyum ka fi so, ba laifi, shi ya fi jure ranarmu kuma gyaransa na ko'ina. Kada dai kaurinsa ya gaza milimita 1.2. Akwai sabon samfuri da ake raba cikinsa da wajensa da siririyar roba don kada zafi ya ratsa, domin alminiyum zalla zafi na bin sa kamar ruwa a kwata. Wannan sai mai na'urar sanyaya ɗaki zai ci ribarsa.

Maganar gilashi mai ruɓi biyu ma haka take. Tun da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu otal da ofis da asibiti suka fara tambayata shi, kuma a wurinsu lissafin yana fita, musamman idan gilashin na da shafen da ke mayar da zafin rana. Yana kuma rage ƙara ga wanda gidansa ke bakin babbar hanya irin Ahmadu Bello Way ko titin Nnamdi Azikiwe. Amma idan fanka ce a ɗakinka kuma taga a buɗe take kwana, ajiye kuɗinka. Gilashi ɗaya mai milimita 5, taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, da itacen mangwaro ko darbejiya ta yamma, sun fi maka. Inda gilashi ya sauko ƙasa ko yake jikin ƙofa, a sa gasasshe, wanda idan ya fashe yake zama tsakuwa ba wuƙa ba.

Tsakanin taga mai turawa gefe da mai buɗewa kamar ƙofa, ni ina bayan mai buɗewa. Idan ka rufe ta tana danne robar gefenta, ƙurar Disamba ba ta samun hanya, idan ka buɗe kuma duk faɗinta iska ce. Mai turawa rabi kawai take buɗewa, kuma layin ƙasanta ma'ajiyar ƙura ce. Amfaninta shi ne inda wuri ya matse, kamar lungun da ke tsakaninka da katanga.

Sai makulli. Kasuwar duniya ta raja'a kan mai kama firem a wuri uku ko fiye, da kuma mai buɗewa da yatsa ko lamba. Na farkon yana da kyau ƙwarai, amma idan cikinsa ya lalace samun irinsa a Kaduna wahala ne, don haka sayi na ajiya ranar da ka sayi ƙofar. Mai yatsa kuwa, kada ka karɓi wanda ba shi da ramin mabuɗi, kuma kada mabuɗin ya kwana a cikin gidan da zai buɗe.

Idan odar kwantena za ka yi

Masu gina rukunin gidaje sukan yi oda kai tsaye. Garin Yongkang a lardin Zhejiang ya yi suna da ƙofofin ƙarfe, Foshan a Guangdong da alminiyum, kuma ana baje kolin Canton a Guangzhou sau 2 a shekara, wajen Afrilu da Oktoba. Ka gaya wa masana'anta kana son irin wanda suke aika wa Saudiyya da Dubai, domin ranarsu ta fi kusa da tamu. Kaya sai da takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kayan da ake shigowa da su Najeriya, kuma akwai tashar tsandauri a Kakuri da aka buɗe a Janairun 2018, sai ka tambayi wakilinka ko kayanka za su iya sauka nan. Farashi kuwa dala yake bi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 na daina ba mutum farashin da zai wuce mako ɗaya, domin roba daga man fetur take, alminiyum kuma a kasuwar Landan ake yanka masa kuɗi. Mai gida ɗaya, ba na ba shi shawarar oda. Ƙofa ɗaya ta zo a karkace, babu wanda zai kama.

Awo da sakawa

Rabin ƙofofin da ake kira na in duba, lafiyarsu ƙalau, sakawa ce aka ɓata. Ƙofar katako ana fere ta, ta ƙarfe ana yanka a sake walda, 'yar haɗi kuwa yadda ta zo haka za ta zauna. Saboda haka zaɓi ƙofa tun kafin birkila ya zuba linta, ka ba shi awonta. Ɗaki galibi ƙafa 3 ne da 7, wato santimita 90 da 210, banɗaki 75, babbar ƙofa 120 ko fiye. Ka faɗa wa mai shago ko bulonka inci 6 ne ko 9, saboda faɗin firem. Ka tuna tayil zai ci tsawo. Ka kuma tsaya a bakin kowane ɗaki ka yanke ko dama za ta buɗe ko hagu, kada ƙyaure ya rufe makunnin fitila.

Taga, a auna ta bayan filasta, a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a rage wajen milimita 10 don roba ta sami wurin motsi idan ta ji zafi. Kafar da ta rage, kumfar gwangwani ake fesawa a bi da silikon, ba siminti ba. Firem a ɗaure shi da sukuru, na farko wajen santimita 15 daga kusurwa, sauran kada tazararsu ta wuce 60, kuma a sa lebul a kowane gefe kafin a ƙara ɗaurewa. Na sha ganin yaro ya auna da ido ya ce, "Oga, ta miƙe." Ido ba ma'auni ba ne, a sa lebul.

Mai walda ya gama aikin ƙarfen tsaron taga kafin a kawo taga, domin tartsatsi na huda roba, yana kuma barin tabo a gilashi wanda ba ya fita. A nan zan roƙe ka abu ɗaya da ba na kasuwa ba: a kowane sashe na gida, bar taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki, mabuɗin a rataye inda kowa ya sani, har yara. Mun rufe kanmu saboda ɓarayi, amma gobarar hunturu ba ta sallama, kuma roba idan ta kama hayaƙinta mugu ne.

A ƙasan firem ɗin taga ta waje akwai 'yan ramuka, hanyar fitar ruwa ce. Masu filasta da masu fenti suna toshe su a zatonsu kuskure ne, daga nan ruwa ya taru ya juyo cikin ɗaki. Nuna musu tun farko. Ledar da ke jikin firem kuma a ɓare ta da zarar an gama fenti, kada ta wuce 'yan makonni a rana. Mutanenmu na son barin ta don a san sabuwa ce, rana kuwa gasa ta take yi ta manne, sai an kankare har a ji wa robar ciwo.

Kada ka biya mai sakawa cikon kuɗinsa sai kun yi gwaji biyu tare. Buɗe ƙofar rabi ka sake ta. Idan ta tafi da kanta, firem ya karkace. Sannan a rufe taga, wani ya tsaya a waje da tiyo ko bokiti yana watsa mata ruwa, kai kana ciki da busasshen tsumma kana bin kusurwa.

Bayan an tare, kulawar ba ta da yawa. Ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Fetur, tina da soson ƙarfe suna kashe fuskar. Idan hunturu ya wuce, wajen ƙarshen Fabrairu, share ƙurar layin taga da buroshi, ka zura tsinke a ramukan ruwa, ka ɗiga man keken ɗinki a hinji da harshen makulli, ka taɓa robar gefe ka ji ko ta bushe. Wadda ta tsage a canza ta kafin ruwan farko na Afrilu ya sauka.